Basfar Malam: Kwana 23 ina kokawa da tsohon inji

Mako uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Wani tsohon babur ne ya riƙe ni, kuma har yanzu da nake wannan rubutu akwai sauran baƙin maiƙo a ƙarƙashin faratana. Labarinsa na kawo muku yau, don na tabbata a gidajen da yawa daga cikinku akwai irinsa a ajiye.

A zauren gidanmu akwai wata Vespa, wadda mutanenmu ke kira Basfa, ta marigayi kakana da muke kira Malam. Shekara tara tana tsaye a lungu, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. A farkon hutun nan Baffa ya shigo da 'yan gwangwan. Suka yaye tabarma, suka ƙwanƙwasa nan suka ƙwanƙwasa can, suka fara ciniki da kilo kamar ana sayar da tsohon langa-langa. Ban san lokacin da na ce a bar mini ita ba. Baffa ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce, "To ɗan boko, ka tayar da ita kafin ku koma makaranta, ta zama taka. In ba ta tashi ba, ranar da ka koma ita ma ranar za ta bar gidan nan."

Ba son tarihi kaɗai ya sa na yi magana ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane ɗalibin jeka-ka-dawo ya san abin da kuɗin mota ke yi wa aljihunsa. Ni adaidaita sahu biyu nake hawa kafin in isa jami'a, biyu kuma in dawo. Basfa tana shan mai, har ta fi baburan zamani sha, amma da na yi lissafi sai na ga duk da haka akwai sauƙi.

Wace ce Basfa?

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera Vespa a 1946, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a garin Pontedera. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, kuma ba ya son babur irin na lokacin saboda cen da maiƙon da ke ɓata wa mahayi tufafi. Shi ya sa ya ɓoye injin a cikin gangar jiki, ya haɗa shi kai tsaye da tayar baya ba tare da cen ba, ya kai giya hannun hagu, ya bar fili a tsakiya. Wannan filin ne ya sa ta yi daidai da mai babbar riga, shi ya sa malamanmu suka rungume ta. Ma'anar sunan a harshensu shi ne rina ko zanzaro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ta Malam samfurin Super 150 ce, wadda aka fara ƙerawa a 1965. Shi kuwa ya saye ta a 1975 yana malamin firamare, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira Udoji. Kaka ta ce a shekarar kusan kowane ma'aikaci a unguwar sai da ya sayi wani abu, wani rediyo, wani keke, Malam kuwa Basfa.

Injinta shi ne ake kira mai bugu biyu. A yawancin baburan da ke kan titi yanzu, sai fistin ya yi tafiya huɗu, sama da ƙasa, kafin wuta ta tashi sau ɗaya: ya shaƙi mai da iska, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Mai bugu biyu kuwa yana gama duk wannan a tafiya biyu, wato duk juyi ɗaya akwai wuta. Ba shi da bawul irin na sauran babura, akwai ramuka a jikin silinda waɗanda fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa. Wani injiniya ɗan Scotland mai suna Dugald Clerk ne ya yi rajistar irin wannan inji a 1881, daga baya Joseph Day na Ingila ya sauƙaƙa shi zuwa siffar da muka sani.

Abin da ya fi muhimmanci ku gane shi ne, fetur da iska sai sun fara shiga cikin cikin injin, inda karanshaf yake juyawa, kafin su hau sama a ƙone su. Saboda haka babu wurin tara baƙin mai a ƙasa kamar na sauran babura. A cikin fetur ake haɗa shi, ya bi ya shafa wa ƙarafa, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Hayaƙin nan mai shuɗi-shuɗi daga nan yake. Duk wanda ya taɓa zuba mai a ƙaramin janareton masu aski da masu cajin waya ya san wannan haɗi, domin inji iri ɗaya ne.

Duk wannan bayani na san shi tun a aji. Na zana shi a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Amma ranar da na cire murfin gefen dama na tsaya a gaban injin, sai da na yi minti goma ban gano inda kafireta take ba.

Kuskuren farko

Abu ɗaya na yi daidai a makon farko. Ban buga kik da ƙarfi ba. Na kwance fulogi, na ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin, na bar shi ya kwana biyu, sannan na juya fankar injin da hannu a hankali. Ta juya. Injin da ya daɗe a ajiye, ringinsa kan manne da silinda, in ka taka shi da ƙarfi kana iya karya su.

Daga nan sai gaggawa ta ɗebe ni. Na zuba sabon mai a kan tsohon, na yi ta buga kik har ƙafata ta yi tsami. Shiru. Wani abokina da ya zo wucewa ya ce ai kwayil ne, duk tsohon babur kwayil ne matsalarsa. Ban gwada komai ba, na tafi kasuwar kayan gyara na sayo kwayil da kuɗin abincina na mako biyu. Na ɗaura, na buga. Shiru. Wani ya ce kondensa, wani ya ce in sake kafireta gaba ɗaya. Da na biye musu da sai na sayi sabon babur gutsure-gutsure, kuma ba lallai ya tashi ba.

Kaka ce ta cece ni. Ta leƙo zaure ta ga ina zufa, ta ce, "Maigidan, kai da ba ka iya ɗaura aure da ita ba, ka je wurin waliyyinta mana." Ta kwatanta mini garejin bakaniken da ke yi wa Malam gyara tun yana saurayi. Na same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yaransa ke aiki yana zaune yana saurare. Zan sakaya sunansa, Baba kawai nake kiransa. Da na gaya masa ko ni jikan wane ne, sai ya yi shiru, ya yi wa Malam addu'a, sannan ya ce in turo ta.

Tambayoyi uku

Na fara rattabo masa abin da na saya da abin da nake shirin saya. Ya ɗaga hannu.

"Jikan Malam, inji abu uku yake nema: mai, wuta, da matsi. Wanne ne babu?"

Na ce ban sani ba.

"To me ka je saye a kasuwa?"

Wannan tambaya ta fi kowace tambayar jarrabawa ƙona mini rai, domin ba ni da amsa. Ya ce ba za a ƙara sayen ko noti ɗaya ba sai mun san wanne ne babu. Kuma ya ce ni zan yi aikin da hannuna, shi baki kawai zai sa.

Muka fara da matsi, don shi ne mai tsada in ya lalace. Ya sa na cire fulogi, na kawar da wayarsa gefe ta taɓa ƙarfen inji, na toshe ramin da babban yatsa, wani yaro ya taka kik. Iska ta ture yatsana da ƙarfi har da 'yar ƙara. Baba ya ce fistin da ringi suna da sauran rai. Gwajin bai ci ko sisi ba.

Sai wuta. Na sa fulogi a wayarsa, na jingina ƙarfensa da jikin inji, aka taka kik a inuwa. Ya kamata a ga tartsatsi shuɗi yana tsalle a bakin fulogin, wanda tazararsa a wannan inji take milimita 0.6. Babu komai. Muka sa wani fulogi da aka san yana aiki, nan ma babu. Ke nan ba fulogi ba ne, kuma ba kwayil ba ne tunda sabo ne. Baba ya sa na cire wayar makashin inji, don tsofaffin wayoyi kan zubar da robarsu su taɓa ƙarfe su sace wuta. Har yanzu babu. Sai ya ce in leƙa ta wata 'yar taga da ke jikin fankar, wadda ita ce kuma magineto. A ciki akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da inji ke juyawa, kuma a daidai lokacin rabuwarsu ne wuta ke tashi. Shekara tara na damina da hunturu sun sa fuskarsu ta yi tsatsa. Ya miƙo mini guntun sanfefa mai laushi, na ninka shi biyu na goge tsakaninsu, na bi da farar takarda har ta daina fitowa da datti, muka daidaita tazarar ta zama kamar milimita 0.4. Aka taka kik. Tartsatsi ya yi tsalle, shuɗi shar.

Don ya ƙara mini karatu, Baba ya sa na mayar da tsohon kwayil ɗin Malam. Shi ma ya ba da wuta, ba bambanci. Yaran gareji suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Saura mai. Fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti, musamman in an haɗa shi da baƙin mai. Muka sauke tanki muka wanke, muka sake tiyon mai da ya bushe ya tsattsage, muka kwance kafireta. Ya sa na shimfiɗa tsumma na jera komai bi da bi yadda na cire shi, ni kuma na riƙa ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. A ciki akwai jet, wasu 'yan ƙananan tagulla masu rami kamar na allura, su ke auna yawan man da ke shiga. Na ɗaga ɗaya sama ban ga haske ba. Har na ɗauko allura zan zura, Baba ya buge mini hannu. Ya ce tagulla tana da laushi, allura za ta faɗaɗa ramin, daga nan inji ya riƙa shan mai fiye da kima har abada. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Jiƙa su muka yi a fetur, muka hura da iskar famfon masu faci, har haske ya fito.

Wajen haɗa mai kuwa, wannan inji kashi 2 cikin 100 yake so, wato mililita 20 na baƙin mai a kowace lita ɗaya ta fetur, ko mililita 100 a lita 5. Da sirinji na auna, ba da ido ba. In ya yi yawa fulogi zai riƙa jiƙewa yana mutuwa. In ya yi kaɗan fistin zai yi zafi ya kame a cikin silinda, kuma yana iya faruwa kana tsakiyar gudu, tayar baya ta ƙulle. A nemi wanda aka rubuta 2T a jikinsa, domin shi aka yi don ya ƙone tare da fetur.

A kwana na 12, na buɗe makunnin mai, na ja cok, na buga sau uku. A na huɗu ta yi tari. A na biyar ta kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfar.

Zanzaro ya kama zanzaro

Murnata ba ta daɗe ba. Tana tsayawa a sulo, amma da na murza totur sai ta shaƙe kamar an toshe mata baki. Nan take na ce kafireta ce, in sake kwancewa. Baba ya ce a'a, in sa tafin hannu a bakin salansa. Iskar da ke fitowa ba ta kai ta numfashin jariri ba. Ya ce, "Wanda ya ci bai fitar ba, ta ina zai ƙara ci?" Inji mai bugu biyu ya fi kowane inji damuwa da wannan, domin sabon mai ne ke kora tsohon hayaƙi waje. In hanya ta toshe, hayaƙin ya zauna, sabon mai ba ya samun wuri.

Muka kwance salansa, na zura waya. Sai ga busasshiyar laka tana zubowa ɓaro-ɓaro, har da ɓawon tsutsa a ciki. Zanzaro ne ya yi shekaru yana gina ɗakunansa a wurin. Da na gaya wa Baba ma'anar sunan Vespa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai ɗan uwa ne ya zo zumunci. Muka fitar da lakar, muka kankare baƙin gawayin da ya taru a ramin fitar hayaƙi na silinda, muka mayar. Wannan karon da na murza, ta amsa.

Inda na tsaya

Bayan kwana biyu ina zagaya unguwa, sai na lura in ta yi zafi sulo yana hawa da kansa, ko da na saki totur. Ni a ganina ƙarfi ta ƙara. Da na faɗa wa Baba sai ya ce in kashe ta yanzun nan, in ciro fulogi. Ya koya mini karanta shi. In bakinsa ya yi launin shayi da madara, komai daidai. In ya yi baƙi da maiƙo, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Nawa ya yi fari.

A ɓangarori biyu na karanshaf akwai wasu robobi da ake kira oyil sil. Aikinsu su rufe cikin inji ruf, kada iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya. Robar da ta shekara tara ba ta motsa ba ta bushe ta tsage. Iskar da ke shiga ta nan ba ta ɗauke da fetur, kuma a wannan inji rashin fetur rashin baƙin mai ne. Da na ci gaba da hawa, da fistin ya kame ko ya huje. Abin da na ɗauka ƙarfi ne, ashe alamar mutuwa ce.

Wannan aikin sai an sauke inji an raba shi biyu, da kayan aikin da ba ni da su. A nan na ajiye girman kai. Babban yaron Baba ya yi, ni na riƙe fitila ina miƙa sifana ina kallo. Aka sake sil ɗin duka biyu da gaskit, aka zuba sabon man giya mililita 250. Na sayar da sabon kwayil ɗin a kan asara na cika kuɗin. Baba ya hana ni fita titi sai da na sake tayoyi da wayoyin birki da na kuloci. Ya ce injin da ya tashi ba shi ne babur ba, babur shi ne wanda ya iya tsayawa.

Abin da na kwaso

Ga duk wanda zai gwada, a kan babur ne ko janareto, ga abin da zan ce. Kada ka sayi komai sai ka gwada. Ka fara da gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, don in ta tashi ka san me ya tayar da ita. Kada ka gwada wuta kusa da buɗaɗɗen fetur. Kada ka bar inji yana aiki a zaure ko ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Kafin ka hau titi kuma, ka sabunta takardu, ka nemi lasisi da hular kwano.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, hanyar da Baba ya bi ita ce malamanmu ke koya mana a ɗakin gwaje-gwaje: ka lura, ka yi hasashe, ka gwada, ka kawar da wanda bai tabbata ba. Na rubuta wannan a takarda ba sau ɗaya ba, amma ranar da ya kamata in yi aiki da shi sai na bi jita-jita. Shi kuwa bai taɓa shiga aji ba, amma ba ya tsallake mataki. Ni ma na yi masa amfani ta wani wajen, domin ni na riƙa karanta masa lambobin da ke jikin jet da idonsa ya daina gani, na kuma samo zanen wayoyin babur ɗin a intanet. Irin su Baba suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. In akwai irinsa a unguwarku, ku je ku zauna kusa da shi a hutun nan, ko da miƙa sifana ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

A kwana na 23, saura kwana biyu mu koma makaranta, na shigo layinmu a kanta da la'asar. Baffa yana zaune a dakali, ya miƙe ya zagaya ta sau biyu, ya shiga gida ya fito da takardunta a cikin wata tsohuwar leda ya miƙa mini, bai ce uffan ba. Ina ƙoƙarin kafe ta sai ga Kaka a bakin zaure, ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Ta ce tana tsakar gida ta jiyo ƙarar tun daga kan kwana, sai kawai ta tsinci kanta ta tashi za ta ɗebo ruwa a randa, kamar yadda ta saba in Malam ya taso daga makaranta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon babur ɗin. Sannan ta ce, "To maigidan, tunda ka dawo da kishiyata, gobe sai ka kai ni unguwa."

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo muku lissafin abin da na kashe a mai cikin mako guda, mu gwada shi da kuɗin adaidaita sahu mu ga ko riba na ci ko faɗuwa. Wanda kuma yake da wani tsohon inji a gida, keken ɗinki ne ko rediyo ko injin markaɗe, ya rubuto mana labarinsa. Mu kwana nan.